Mabuɗin da Ya Buɗe Usaina

Ku matso ku ji, masu gida da baƙi, masu saye da masu kallon kaya. Ni ce Tabawa mai bandar kifi, matar marigayi Jatau, 'yar Kwarin Giginya ta ƙasar Zarwan, can bayan Tekun Baharu inda rana ke faɗawa cikin ruwa. Zan fara da abin da na rasa, don shi ya fi yawa. Na rasa miji. Na rasa gida, na rasa gari sukutum har da maƙabartarsa. Abin da na samu kuwa suna ne guda ɗaya, wanda na keta ƙasa da teku ina nema. Da na san wane suna ne, da na zauna a rumfata na ci gaba da korar ƙuda daga kifina.

A kasuwar Tudu ba a ce mini Tabawa, Albarka ake kirana, don ba a taɓa taya kayana na sallama a tayin farko ba, ko na biyu. Ko liman ne ya zo sai ya sha albarka kafin ya tafi da kifi. Karatuna bai wuce in gane sunana a jikin buhu ba, amma ba a haifi wanda zai kwantar da ni a ciniki ba. Haka dai nake gani a lokacin.

Tun zamanin da Zarwan da maƙwabciyarta Kailan ke cin abinci a kwano ɗaya, suka ɗauko magina suka gina musu madatsun ruwa biyu, komai nasu iri ɗaya, har mutane suka raɗa musu Hassana da Usaina. Hassana ta Kailan ce, Usaina tamu, tana tsaye a saman garinmu kamar dutse. Jatau shi ne mai juya sitiyarin ƙarfen da ke buɗe ƙofofinta. Yana da yadda yake yi, wanda ba wanda ya koya masa sai ruwan kansa. Zai ɗaga ƙofar tsakiya taƙi ɗaya, ya tsaya, ya kasa kunne har gurnanin ruwa ya kwanta, sannan ya taɓa na gefe. In aka yi haka bango ba ya girgiza, jiniya ba ta kuka, gari ba ya firgita a banza.

'Yarmu ta fari a kan kafaɗarsa ta girma yana wannan aiki. Ni kunyar 'yar fari ba ta taɓa barina na kira sunanta ba tun ranar da aka raɗa mata shi, sai dai in ce yarinyar nan. Ta yi karatu har ta wuce malamanta, gwamnati ta ɗauke ta aiki a babban birni, a wani gini marar taga da ake kira Gidan Shiru. Ban san me suke yi a ciki ba. Na dai san na cika kunnen 'yan kasuwa da labarinta, ba tare da na ambace ta ba.

Sai zamani ya juya. Ƙasashen biyu suka ɓata, aka kuma ɗaura komai a yanar gizo, wuta da ruwa da asibiti da jirage, har ƙofofin Usaina. Aka zo da injin yanka aka datse sitiyarin Jatau, aka bar dungulmin ƙarfe. Aka ba shi kujera da allon gilashi, aka ce ya riƙa kallo.

Wata rana da hantsi ina kasuwar Tudu wayata ta yi ƙara. Jatau ne. Ba tsoro a muryarsa, mamaki ne. Ya ce ƙofofi na buɗe kansu, ya danna duk abin da aka koya masa, allo ya ƙi jin magana.

"Tabawa, ta tsakiya aka fara ɗagawa, taƙi ɗaya, aka tsaya. Kamar ni nake yi."

Na ce ya gudu. Ya ce bari ya gwada tukuna. Maganarmu ta ƙarshe ke nan.

Jiniya ba ta yi kuka ba, don haka ba wanda ya fita daga gida. Muna tsaye a kan tudu muka ga ruwa ya sauko ya shafe Kwarin Giginya kamar yadda mace ke shafe gari daga kan faifai. Da ya janye aka sami Jatau rungume da dungulmin ƙarfen nan, fatar tafin hannunsa duk ta saɓule. Yarinyar nan ba ta zo gaisuwa ba. Saƙo ta aiko cewa aiki ya riƙe ta. Na haɗiye, na ce wa masu gaisuwa aikin gwamnati haka yake.

Ina cikin takaba duniya ta hargitse. Gwamnatinmu ta ce masu kutsen Kailan ne suka buɗe Usaina, ta kashe musu wutar lantarki daga nesa. Kailan ta rantse ba ita ba ce, ta kuma rama, mutanenmu suka wayi gari ajiyarsu ta banki ta zama iska. Yaƙi ne ba ganga, ba ƙura, ba ka ganin wanda ya harbe ka. Ya fantsama har ƙasashen da ba su san hawa ba, jiragensu suka kasa sauka, magungunansu suka lalace a ma'ajiya. Daga nan aka fara tura sojoji na gaske bakin iyaka, masu bindiga da iyaye mata a gida.

To, a duk ƙasashen da ke gaɓar Baharu akwai wata al'ada da ta girmi sarakuna. Matar da aka kashe wa miji tana shimfiɗa tabarma a bainar jama'a, ta kira sunan mai hannu da bakinta, ya zo ya zauna a ɗaya gefen ya taya jinin. Ita ke cewa albarka, ita ke sallamawa. In ta sallama aka naɗe tabarma, magana ta mutu, ba mai ɗaukar fansa, amma ita da mai hannu ba sa sake haɗa ido har abada. Maganar tabarma ko Majalisar Ƙasashe ba ta tsallake ta.

Ina fita takaba sai ga wani Wakili Dambo daga babban birni, da farar riga da ƙamshin turare. Ya durƙusa ya yi gaisuwa yadda ya kamata. Ya ce duniya duka ta ga hoton Jatau, don haka suna so in je Tsibirin Sulhu, inda Majalisa ke zama, in shimfiɗa tabarma in ce Kailan. Da na faɗa, sauran ƙasashe za su mara wa Zarwan baya a gama da su. Ya ce akwai gidan bene da ke jirana a birni.

Na ce albarka.

Ya ƙara da rumfa a babbar kasuwa. Na ce albarka. Na tambaye shi, in na ce Kailan, wa zai zo ya zauna a gabana, duwatsunta ko awakinta? Ni hannu nake nema, mai yatsu, mai uwa.

"Gwaggo, a irin wannan yaƙi ba a samun hannu," in ji shi.

"To ba ku nema ba ne," na ce.

Na ɗaure tabarmar da ni da Jatau muke shan iska a kanta, ita kaɗai ta tsira don tana rumfata, na ɗora buhun banda a ka, na nufi Kailan.

Na shiga da shirin ganin dodanni, sai na tarar da mata na layin ruwa da jarkoki kamar namu. Ban yi nisa ba aka kama ni, aka ce 'yar leƙen asiri ce, aka ƙwace buhuna aka jefa ni kurkuku. Kurkukun nan ba kwaɗo ko ɗaya, duk ƙofofinsa na'ura ke riƙe da su. Ana nan wata rana da azahar sai muka ji ƙaras ƙaras ko'ina, kowace ƙofa ta wangale. Mutanenmu ne suka sake kutse. Ɓarayi da masu kisa suka kwarara cikin gari, ni kuwa na gyara zama a tsakar gida. Shugaban gandirobobi ya zo a guje yana haki, ya gan ni ni kaɗai, ya tambaye ni me ya hana ni tafiya. Na ce da buhu na shigo, da buhu zan fita, kuma na san nauyinsa. Ya yi dariya har ya share hawaye, ya ce 'yar leƙen asiri ba ta zama don kifi. Ya maido mini da kayana, da ya ji abin da nake nema kuma ya kai ni wurin Malam Cindo mai bin sawu.

Malam Cindo tsoho ne, aikinsa bin sawun masu kutse a cikin yanar gizo. Bai ba ni ruwa ba sai da ya kai ni asibitin birnin, ya nuna mini wani ɗaki da aka jera kwalaben da ake sa jariran da ba su cika wata ba. Duk babu kowa a ciki. Ya ɗora hannu a kan guda ya ce jikarsa a nan take ranar da Zarwan ta ɗauke wuta. Muka tsaya a wurin, tsoho da tsohuwa, kowa da gawarsa.

Bayan nan ya gaya mini gaskiyar abin da ya gani. Ya ce sawun ya bi ta Kailan, wannan ba ƙarya ba ne, ta cikin na'urar wani gidan burodi ya wuce, mai burodin ma bai sani ba. Amma kafin nan ya bi ta wata makaranta a wata ƙasa, kafin ita ya bi ta wani jirgin dakon kaya, haka dai, kowane sawu da aron takalmin wani. Inda ya ɓace masa shi ne Birnin Hazo a tsallaken teku, inda ake cin Kasuwar Mabuɗai, wurin sayar da kayan kutse. Ya ce ya faɗa wa manyan ƙasarsa, sun ce ya rufe baki, don su ma sun fi son a yi ta ta ƙare.

A bakin teku jirgi ɗaya na samu da ya yarda ya ƙetare, na wani matuƙi Gwadabe, mutum mai tumbi da yawan rantsuwa. Muka yi ciniki har muryarsa ta dushe. Da muka yi nisa sai abin da ake tsoro ya faru. Na'urar da ke nuna wa jirage hanya daga sama, ita ma an yi mata kutse, tana cewa gabas alhali yamma muke. Mun wuce jirage manya manya suna ta zagaye a wuri ɗaya kamar shanun da aka ɗaure a turke, mutanen ciki na ɗaga mana tsumma. Ruwan shanmu ya kusa ƙarewa, gajimare ya rufe sama. Gwadabe ya kashe na'urar ya zauna ya riƙe kai. Can ya lura da tsuntsayen teku da suka addabi buhuna, ya ce waɗannan a tudu suke kwana, in muka riƙe su da abinci har la'asar, za mu bi su gida. Ya miƙa hannu zai buɗe buhu, na doke hannun. Na ce kifin nan da mai shi. Ya rantse da duk abin da ya sani cewa mutuwa za mu yi, na ce to mu mutu a kan ciniki mai kyau. Sai da ya yarda zai jira ni a Birnin Hazo ya kuma kai ni Tsibirin Sulhu, sannan na kwance bakin buhu. Tsuntsaye suka ci rabin jarina, suka kai mu tudu.

Kasuwar Mabuɗai ban taɓa ganin irinta ba, kuma ba na fatan in sake. Rufinta gilashi ne, ƙasanta a share, ba ƙuda, ba hayaniya. Kowa ya rufe fuska, mai saye da mai sayarwa. Ba kaya a rumfuna sai alluna masu haske. Wannan na tallan mabuɗin wutar wata ƙasa, wancan na asibitocin wata, wani na rumbunan hatsi. Mutane na tayawa da raɗa, kamar masu zaɓen atamfa. Na naɗe tabarmata cikin zane, na ja gyale na rufe fuska, na tambayi mai mabuɗan ruwa. Aka nuna mini wata dillaliya da ake kira Tasalla.

Ta ɗauka wata babbar ƙasa ce ta aiko ni, don sun saba aiko wanda ba za a zarga ba. Ni kuwa na san abu ɗaya da bai canzawa daga kasuwar Tudu har bangon duniya. In kana son dillali ya faɗi asalin kayansa, kada ka tambaye shi, ka kushe kayan. Ta nuna mini mabuɗin madatsar ruwa, na taɓe baki na ce ƙirar bayan gida ce, yaran unguwa suka haɗa. Ta ce ba haka ba. Na ce irin wannan ne ke tayar da jiniya tun kafin ƙofa ta motsa, a kama mai shi. Na juya zan tafi, ina cewa an gaya mini Tasalla na da kaya, ashe suna ne kawai.

Ta fizgo gyalena.

"Ke, kin san abin da kike rainawa? Wannan daga Gidan Shiru na Zarwan ya fito. Don Hassana suka ƙera shi, suka ajiye, aka sace a ma'ajiyarsu. Wawaye sun manta tagwaye ne, kwaɗonsu ɗaya. An gwada shi a kan Usaina, kin ji jiniya ta yi kuka?"

Ta danna allo ta nuna mini zanen madatsa. Ƙofar tsakiya ta ɗaga taƙi ɗaya, ta tsaya. Ta jira. Sannan na gefe suka motsa. Tasalla na ta yabon wanda ya ƙera, tana cewa duk wanda ya yi wannan a bakin ruwa ya girma, don ba a karanta shi a littafi.

Ban da ni, mutum biyu ne a duniya suka san wannan tsayawar. Ɗaya na binne shi.

Na zube, zane ya kwance, tabarma ta gangara ta buɗe a gaban rumfarta. Masu saye suka ga tabarmar mai takaba, suka san idon duniya na bin ta, suka fara sulalewa. Tasalla ta ruɗe, ta roƙe ni in naɗe in tafi. Na tambaye ta wa ya saya. Ta ce ba ta san fuskar kowa ba, kuma ba mutum ɗaya ba ne, ta sayar wa da yawa. Na ce ya za a yi ta sayar da abu kuma yana hannunta. Ta ce irin wannan kaya haka yake, ka sayar ka kuma riƙe, ba ya ƙarewa. Ni da na tsufa a kasuwa ban taɓa jin irin wannan kaya ba. Ta yi mini tayin zinariya in tashi, na ce albarka. Ban ɗaga ba sai da ta zuba mini mabuɗin a wani ɗan ƙarfe kamar farce, na ƙulle shi a bakin zane.

Gwadabe bai yi rantsuwa ko ɗaya ba a hanyar Tsibirin Sulhu. Ya ga fuskata ya bar ni. Da muka iso, jiragen yaƙin Zarwan na jere a hannun dama, na Kailan a hagu, samari a kansu suna kallon juna. Na aika wa Wakili Dambo cewa na shirya shimfiɗa tabarma, amma sai an kawo mini 'yata ta tsaya kusa da ni. Ya ɗauka tsufa ne da kaɗaici, ya sa aka kawo ta.

A gindin wata bishiya bayan zauren Majalisa muka haɗu, da rana tsaka. Ta rame har wuyanta ya yi tsawo. Ta durƙusa nesa da ni, ba ta ɗago ba. Na kwance bakin zane na ajiye ɗan ƙarfen a tsakaninmu. Ba ta tambayi ko mene ne ba.

Ta ce tun ranar ta sani. Da ta ga yadda ƙofofin suka buɗe ta gane aikinta. An ce mata ba za a taɓa amfani da shi ba, ajiya ce kawai don Kailan ta ji tsoro. Ita ce ta sa tsayawar nan a ciki, don manyanta sun ce suna son mabuɗin da ba ya tayar da jiniya, ta tuna Babanta, har ta ji daɗi a ranta cewa hikimarsa ta shiga aikin ƙasa. Da abin ya faru ta je ta faɗa musu, suka ce in ta sake buɗe baki ita da uwarta za su ɓace.

"Inna, ban iya zuwa in zauna cikin masu gaisuwa ba. Da wace fuska?"

Na so in mare ta. Na so in goya ta. Ban yi ko ɗaya ba. Na ce mata wanda ya murɗa mabuɗin ba za a taɓa saninsa ba, na bi shi har ƙarshen ƙasa. In na ce Kailan, samarin can na kan ruwa za su kashe juna a kan ƙarya. In na yi shiru, Tasalla na nan tana sayarwa, Hassana ma akwai gari a ƙarƙashinta. In kuma na faɗi abin da na sani, ta san hukuncin tabarma. Na ce ni dai na kasa, ta tashi mu gudu, Gwadabe na jira.

Ta ce a'a. Ta ɗauki ɗan ƙarfen ta riƙe.

Zauren ya cika, wakilan ƙasashe kowa da tutarsa, Malam Cindo ma na hango shi cikin mutanen Kailan. Na shimfiɗa tabarmar Jatau na zauna. Wakili Dambo na murmushi. Sai yarinyar nan ta bar bayana, ta zagaya, ta cire takalmi, ta zauna a ɗaya gefen. Shugaban Majalisa, wata tsohuwa mai sanda, ta ce zama bai isa ba, sai mai takaba ta kira suna da bakinta.

Sunan nan ni na ɗauki cikin mai shi, na ji ana kiransa a tsakar gidana safe da yamma, ban taɓa ɗanɗana shi ba. Ta ɗago ta dube ni, idonta irin na ubanta.

"Faɗi, Inna. Ina so in ji shi a bakinki."

Na ce, "Kuluwa."

Ta taya da ranta. Na ce albarka, ni na ba ki shi, ba na sayen kayana. Ta taya da hannayenta biyu, a yanke. Na ce albarka, hannun Jatau ne, guda biyu sun riga sun saɓule. Sannan ta ɗaga ɗan ƙarfen ta ce za ta buɗe mabuɗin a gaban kowa, ta faɗi inda aka ƙera shi da wanda ya sa ta, ta nuna wa ƙasashen biyu yadda za su sauya kwaɗo, har abin da ke hannun Tasalla ya zama ƙarfen banza. Kuma za ta tsaya da kanta sai an mayar wa Hassana da Usaina sitiyarin ƙarfe, wanda hannun mutum zai iya juyawa ko na'ura ta ƙi.

Wakili Dambo ya miƙe, murmushi ya tafi. Ya ce in ta yi haka ba ta da ƙasa, ƙafarta ba za ta sake taka Zarwan ba. Malam Cindo daga inda yake zaune ya ce akwai ɗaki dominta a bakin Hassana. Wani daga cikin mutanensa ya ja masa riga, ya fizge.

Ni ban taɓa rufe ciniki ba gyara ba. Na dubi tsohuwar mai sanda na ce a ba ni gyara, a bar ni in riƙa ganinta ko sau ɗaya a shekara. Ta ce tabarma ba ta da gyara. Na ce to kwana ɗaya, in yi mata kitso. Ta girgiza kai. Na ce yini. Ni da nake sa mutane hawa, ni ce nake sauka, ina sauka. Daga ƙarshe ta sunkuyo ta ce mini a hankali, hukuncin ba ya farawa sai an gama naɗe tabarma, kuma ba a taɓa ƙayyade wa mai takaba saurin hannunta ba.

Na ce na sallama.

Ban taɓa naɗe tabarma a hankali kamar ranar ba. Ina naɗewa ina kallonta, goshin, kunnen, tabon da ta samu tana ƙarama a matakalar Usaina. Ina naɗewa ina kiran sunan, Kuluwa, Kuluwa, duk na shekarun da na riƙe, tana amsawa. Wakilai suka gaji da tsayuwa, ba wanda ya yi tari. Amma tabarma tana da ƙarshe. Da hannuna ya kai bakinta, ta tashi ta juya baya, ni ma na juya.

Jiragen yaƙi sun koma gida, ba duka a rana ɗaya ba. Ƙasashen ba su zama aminai ba, Kasuwar Mabuɗai kuma an ce tana ci har yanzu. Wanda ya murɗa mabuɗin wataƙila yana wani wuri yana shan shayi. Na koma rumfata a kasuwar Tudu. In damina ta yi nauyi aka zo buɗe Usaina, ina hango sabon mai sitiyari daga nan. Ta tsakiya yake fara ɗagawa, ya tsaya, ya kasa kunne. Ban tambayi wa ya aiko masa da koyarwar ba.

Masu saye na tambayata, ke da ba kya sallamawa, a nawa kika sallama jinin Jatau? Ga amsar, ba ragi ba ƙari. Na karɓi sitiyarin ƙarfe biyu, da samarin mutane da suka koma wurin iyayensu mata, da sunan 'yata a bakina na tsawon naɗin tabarma ɗaya. Na bayar da 'yar a kai. A haka na sallama.